Fiziks da hannu ake koyonsa: jagora ga ɗalibi, malami da mai neman abin yi a Zariya

Ɗalibai da yawa da ke faɗuwa fiziks a WAEC da NECO ba ƙin karatu ne ya kayar da su ba. Sun yi karatun, har da kwana a kai, sai dai irin karatun da ake yi wa tarihi suka yi masa: a kwafe abin da Malam ya rubuta a allo, a haddace ma'anoni da fomuloli, a shiga ɗakin jarrabawa ana addu'ar a kawo inda aka haddace. Fiziks kuwa ba ya ciyuwa ta nan. Abin da yake nema a wurinka shi ne ka iya zana abin da tambaya take faɗi, ka iya auna abu da hannunka, sannan ka iya kallon amsar da ka samu ka ce, a'a, wannan ba za ta yiwu ba. Wanda ya saba da haka tun aji huɗu na sakandare shi ne ba ya shan wuya in ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kuma shi ne yake samun abin yi da karatun bayan ya gama.

Gyara lissafinka tukuna

Gwada kanka da wannan: an ba ka T = 2π√(L/g), aka ce ka fito da g shi kaɗai. In minti ɗaya ya wuce ba ka kai ga g = 4π²L/T² ba, to ciwonka ba na fiziks ba ne, na lissafi ne. Ajiye littafin fiziks na mako biyu ka zauna a kan juya fomula, da rubuta lambobi irin 3.0 × 10⁸, da sin, cos da tan, da sauya ma'auni daga kilomita zuwa mita, daga giram zuwa kilogiram, daga minti zuwa sakan. Ba ɓata lokaci ba ne. Wanda ya tsallake wannan zai yi shekara uku yana zargin fiziks da laifin da ba nasa ba.

Yadda ake cin tambaya

Ga mota ta taso daga Samaru ta nufi Kwangila da gudun kilomita 72 a awa. Direba ya taka birki, gudun yana raguwa da mita 5 a sakan cikin kowane sakan. Mita nawa za ta ci kafin ta tsaya?

Kada ka fara da neman fomula. Zana motar, ko da akwati ne mai taya biyu, ka ja kibiya inda ta dosa, ka ja wata ta baya don birki. A gefe ka jera abin da aka ba ka da harafinsa, ka kuma sauya ma'auni nan take: kilomita 72 a awa, in ka raba da 3.6, mita 20 ne a sakan. Ke nan u = 20, v = 0 tunda tsayawa za ta yi, a = −5 tunda raguwa ce, s, wato tazarar da za ta ci, ake nema. Yanzu ne za ka duba wace fomula ce ta ƙunshi waɗannan huɗu ba tare da lokaci ba: v² = u² + 2as. Ka samu 0 = 400 − 10s, wato mita 40.

Wanda ya manta bai sauya ma'auni ba zai samu mita 518. Da zai ɗaga kai ya tambayi kansa, wace mota ce take cin rabin kilomita bayan an danne birki, da ya gane akwai matsala tun kafin mai maki ya gane. Wanda ya manta alamar ragewa kuma zai samu −40, kamar motar baya ta yi. Wannan tambayar ta ƙarshe, "amsar nan ta yi kama da gaskiya?", ita ce aka fi tsallakewa, alhali sakan biyar take ci.

Kada ka tashi daga tambayar da zarar ka samu amsa. Rage gudun zuwa rabi, kilomita 36, ka ga mita 10 kacal motar za ta ci. Ninka gudu sau biyu yana ninka tazarar birki sau huɗu ke nan. Tambaya ɗaya da ka juya ta haka sau uku ta fi goma da ka kwafe amsarsu.

Game da tsarin karatu, minti 45 kullum da biro a hannu ya fi awa biyar na ranar Asabar. Rufe amsar da ke bayan littafi, ka yi fama da tambaya na aƙalla minti goma kafin ka leƙa. In ka leƙa, rufe, ka sake yi daga farko da kanka, sannan ka dawo mata bayan kwana uku, ka sake bayan mako. Ka ware ƙaramin littafi na kurakurai kawai, inda za ka rubuta irin kuskuren, ba amsar ba: "na manta sauya santimita", "na sa sin a wurin cos". Kafin wata guda za ka ga kurakurai uku ko huɗu ne suke ta maimaita kansu.

JAMB kuma gwajin sauri ce. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 40 daga ciki na fiziks, wato sakan 40 ga kowace tambaya. Yi atisaye da agogo a gabanka, kuma duk tambayar da ta nemi dogon lissafi ka wuce ta ka dawo daga baya.

Gwajin lilo: auna g a cikin ɗakinka

In gwaji ɗaya kawai za ka yi da hannunka kafin jarrabawa, to ya zama na fendulum, wato nauyi mai lilo a zare da ake auna g da shi (yadda gudun abin da ke faɗowa ƙasa yake ƙaruwa), domin duk dabarun firaktikal suna cikinsa. Kayan ba sa buƙatar ɗakin gwaje-gwaje: zaren ɗinkin takalmi kamar mita ɗaya da rabi, wanda ba ya talewa, noti mai ɗan nauyi daga wurin bakanike, tef ɗin tela, da agogon waya. Matse saman zaren tsakanin 'yan katako biyu ka danne su a bakin tebur ko saman ƙofa. In ka naɗa zaren a jikin ƙusa ne kawai, wurin da yake juyawa zai riƙa gusawa, tsawon ya riƙa canzawa ba ka sani ba. Kashe fanka, rufe taga, musamman da hunturu.

Tsawon L daga inda aka matse zaren ake auna shi zuwa tsakiyar notin, ba samansa ba. Fara da santimita 40. Ja notin gefe kaɗan, kada kusurwar ta wuce digiri 10, wato kamar santimita 5 ko 6 daga tsakiya a wannan tsawon, ka sake shi ba tare da turawa ba. In ka tura, zai riƙa zagaye maimakon zuwa da dawowa a layi ɗaya; tsayar da shi ka sake. Bar shi ya yi lilo biyu ko uku ya daidaita. Yi alama da alli a bayan inda yake rataye in yana tsaye, domin a nan ya fi gudu, a nan kuma ido ya fi kama wucewarsa. Lokacin da ya gifta alamar ka danna agogo ka ce "sifili", ba "ɗaya" ba. Lilo ɗaya shi ne ya je, ya dawo, ya sake gifta alamar ta ɓangaren da ya fara. Ƙirga 20, ka tsayar da agogo. Maimaita, ka ɗauki matsakaicin biyun, ka raba da 20, ka samu T, lokacin lilo ɗaya.

Me ya sa 20? Yatsan mutum yana makara da kusan sakan 0.2. A kan lilo ɗaya na sakan 1.4, wannan kuskuren kashi 14 ne cikin ɗari. A kan lilo 20 na sakan 28, bai kai kashi ɗaya ba.

Yi haka a santimita 40, 50, 60, 70 da 80. In hannunka ya yi kyau, lokacin lilo 20 zai faɗa kusa da sakan 25.4, 28.4, 31.1, 33.6 da 35.9. Lissafa T² na kowane, ka zana giraf: T² a layin tsaye, L da mita a layin kwance. Gangarar layin za ta zo kusa da 4.04, sai ka raba 39.5, wato 4π², da ita, ka samu g. A Zariya, da take wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, g na gaskiya kusan 9.78 ne. Duk abin da ka samu tsakanin 9.5 da 10.1 da zare da noti, ka yi aiki.

Amsar da ta kauce ma tana gaya maka inda ka yi kuskure. In g ya zo wajen 10.8, da "ɗaya" ka fara ƙirga, lilo 19 ka auna kana ce musu 20. In ya zo wajen 39, kowane giftawa ka ƙirga, rabin lilo ke nan. In layin ya miƙe sarai amma bai bi ta sifili ba, ya yanki layin tsaye daga sama kaɗan, to a saman noti ka tsayar da awon tsawo. Abin lura a nan, wannan kuskuren bai taɓa gangarar ba, g ɗinka yana nan daidai. Dalilin da ya sa ake wahalar zana giraf ke nan maimakon a jefa awo ɗaya cikin fomula. Kafin ka kwance zaren, sauya notin da wanda ya ninka shi nauyi ka ga ko lokacin zai canza. Ba zai canza ba, kuma ba za ka ƙara manta wannan ba.

Abin da mai maki yake dubawa

A WAEC, takardar firaktikal tambayoyi uku ce, ka zaɓi biyu, maki 50, awa biyu da minti 45. Yawanci ɗaya ta motsi da nauyi ce, ɗaya ta haske, ɗaya ta lantarki. Mafi yawan makin a jadawali da giraf yake. Kowane ginshiƙi na jadawali ya ɗauki suna da ma'auninsa a sama. Lambobin ginshiƙi ɗaya su zama da adadin gurbi ɗaya bayan ɗigo: in ka rubuta 40.0, kada na ƙasa ya zama 50 tsirara. A giraf, zaɓi sikelin da zai sa ɗigogin su ci fiye da rabin takarda, ka guji sikelin uku-uku ko bakwai-bakwai, don karanta shi azaba ne. Fensir mai tsini, layi ɗaya da rula, ɗigogi su rabu daidai sama da ƙasansa. Kusurwa-ukun da za ka fitar da gangara ta zama babba, kuma daga kan layin za ka ɗauki lambobinta, ba daga jadawali ba.

Kada ka ƙirƙiri lambobi don su yi daidai da littafi. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, don haka ruwa a nan wajen digiri 98 yake tafasa. Ɗalibin da ma'aunin zafi ya nuna masa 98 ya goge ya rubuta 100 ya jefar da gaskiya ya ɗauki hadda.

A gwajin lantarki, amita a jere take shiga cikin da'ira, boltmita kuma a ƙetare kan abin da ake aunawa. Buɗe makunni bayan kowane awo. In ka bar shi a rufe, waya tana ɗumi turjiyarta ta ƙaru, batir kuma yana sanyi, sai ɗigogin ƙarshe su lanƙwashe. In allura ta koma baya, juya wayoyin mitar. In tana rawa, akwai mahaɗin da bai ɗauru ba, ko tsatsa. Kankare bakin wayar. A gwajin gadar mita, joki, wato ɗan ƙarfen da ake taɓa waya da shi, ɗora shi kake yi kana ɗagawa, ba a jansa a kan waya, don yana kankare ta.

A gwajin bulon gilashi, fil biyu na kowane gefe su yi nisan aƙalla santimita 5 da juna, su tsaya cak, kuma gindinsu za ka daidaita da ido ɗaya, ba kansu ba. Kusurwa daga layin da ya tsaya a kan fuskar gilashin ake auna ta. In haske ya shiga da digiri 30, 45 da 60, cikin gilashi za ka samu kusan 19.5, 28 da 35. In ka ga kusurwar ciki ta fi ta waje, daga jikin gilashin ka auna.

Kayan karatu da suka cancanci wahala

Kalkuleta ta kimiyya wadda ba a loda mata shiri, irin Casio da ake sayarwa ko'ina, ita ce ta farko, kuma ta zama taka tun aji huɗu, ba aro ranar jarrabawa ba. Kullum kafin ka fara, danna sin 30. In ta ba ka 0.5, lafiya. In ta ba ka −0.988, wani ya mayar da ita radiyan, duk lissafin kusurwa da za ka yi zai lalace.

Wayar da ke aljihunka tana ɗauke da na'urorin awo da yawancin makarantu ba su da su. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi, kyauta ce, kuma ba ta neman data bayan an sauke ta. Akwai agogon sauti a ciki, mai farawa da ƙara ɗaya ya tsaya da ta biyu. Ɗora noti a kan rular da ta leƙo daga bakin tebur, ajiye faranti a ƙasa, ka doke rular gefe da cokali. Daga tebur mai tsawon santimita 80, tsakanin ƙarar duka da ƙarar faranti sakan 0.40 ne. In agogon yana tsayawa da wuri, amsa-kuwwar ɗaki ce ko hayaniya. Ɗaga matakin ƙarar da yake ji.

PhET, na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, gwaje-gwaje ne na kwaikwayo: ka haɗa da'ira, ka ƙona kwan fitila, ba asarar ko sisi. Ana sauke su a buɗe ba intanet. Yana da amfani ƙwarai ga abin da ido ba ya gani, amma kada ya maye gurbin waya da batir na gaske, domin a allon kwamfuta mahaɗi ba ya taɓa kwancewa. Ga ɗan jami'a, littattafan OpenStax na Jami'ar Rice kyauta ne a intanet, manhajar Tracker kuma tana fitar da giraf ɗin motsi daga bidiyon da ka ɗauka da waya. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello yana nan ga mai son shiru da tsofaffin littattafai masu tarin tambayoyi.

Hattara da abu biyu. Littattafan tsofaffin tambayoyi na kasuwa wani lokaci amsoshinsu na baya ba daidai ba ne. In lissafinka ya tsaya da ƙafarsa, kai wa Malam kafin ka yarda kai ne ka kuskure. Bidiyon darasi kuma yana sa mutum ya ji kamar ya gane. Tsayar da shi da zarar an karanta tambaya, ka yi da kanka, sannan ka ci gaba.

Ga Malam mai aji cike

Rashin ɗakin gwaje-gwaje matsala ce ta gaske, amma kwali ɗaya da aka tara daga Sabon Gari da wurin masu gyara yana ɗaukar rabin manhaja. Sirinji: kowane mililita na ruwa giram ɗaya ne, ke nan kana da duk nauyin da kake so don gwajin sifirin, ledar fiya wata kuma kusan rabin kilo ce. Maganaɗisu daga mataccen sifika, wayar tagulla daga koyil ɗin tsohuwar fanka. Tabarau na karatu mai lamba +2.00 yana tara hasken rana a nisan santimita 50, mai +2.50 a 40. A ƙasa ake tara hasken, kuma a gargaɗi yara kada wanda ya kalli rana ta ciki. Wayar tsohon risho na lantarki tana nuna yadda turjiya ke ƙaruwa da tsawo. In da maltimita za a auna, a fara haɗa bakunanta biyu a ga abin da ta nuna, sau da yawa om 0.2 zuwa 0.5, a cire shi daga kowane awo. Abin da ya fi kashe maltimita a hannun ɗalibai shi ne a bar ta a wurin auna amfiya a ɗora ta kai tsaye kan batir, fiyus ya tafi nan take. Batir ɗin tocila mai bolt 1.5 ya isa komai. Wutar soket mai bolt 230 ba ta shiga aji ko da wasa.

Yadda ake amfani da kayan ya fi kayan muhimmanci. Kafin ka saki babban dutse da ƙarami tare, tambayi ajin wanne zai riga sauka, kowa ya nuna zaɓinsa da yatsu a ƙirji don kada a kwaikwayi na gaba. In kan ajin ya rabu, ba su minti biyu kowa ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe, sannan ka saki duwatsun. Gani ya kori ji, amma sai wanda ya riga ya faɗi ra'ayinsa ne ganin yake girgizawa. Bi da takarda a buɗe da wadda aka dunƙule, sannan bidiyon 1971 na David Scott yana sakin guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata. Eric Mazur na Harvard ne ya yaɗa wannan salon a farkon shekarun 1990, kuma binciken Richard Hake na 1998 a kan ɗalibai wajen 6,000 ya nuna azuzuwan da ake sa ɗalibai tunani da muhawara sun ninka na lacca zalla wajen ƙaruwar fahimta. Salon ya dace da aji mai mutum 80, tunda ba ya cin kuɗi.

A darasin minti 40, kada rubutun allo ya wuce minti 10. Yi bayani da Hausa in ya kama har sai ka ga fuskoki sun saki, sannan ka sa su faɗa su kuma rubuta da Turancin da za a tambaye su da shi. A firaktikal, rukuni kada ya wuce mutum biyar, kuma a riƙa juya aiki bayan kowane awo. In ba haka ba, yara biyu masu ƙarfin hali za su riƙe kayan, sauran, galibi 'yan mata a makarantun haɗaka, su zama marubuta. Wajen maki, ba da kaso ga zane da jera bayanai da ma'auni, ko da amsar ƙarshe ta kauce. Abin da ka ba maki shi za su koya.

Bayan digiri, sai me?

Da yawa daga masu karanta fiziks a jami'a likitanci ko injiniya suka nema, aka turo su nan. In kana cikinsu, yanke shawara da wuri: ko ka sake JAMB, ko ka zauna da zuciya ɗaya. Mafi muni shi ne shekara huɗu ana karatu ana hararar wani sashe. Gaskiya ce kuma, ba kasafai za ka ga tallar aiki an rubuta ana neman mai digirin fiziks ba. Digirin tushe ne, sai ka ɗora masa sana'a ɗaya da ake biya, kuma Zariya ta fi yawancin garuruwa wuraren ganin waɗannan sana'o'i ido da ido.

Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, CERT, ita ke da na'urar nukiliya ta bincike ta farko a Najeriya, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004. Ƙarama ce, kimanin kilowat 30, ba ta ba da wutar gari. Aikinta gano sinadaran da ke cikin ƙasa, dutse, abinci da makamantansu. A asibitin koyarwa na Shika akwai sashen gashin cutar daji, inda masanin fiziks na asibiti yake tabbatar da cewa adadin hasken da likita ya rubuta shi ne ya isa jikin majiyyaci, ba ƙari ba ragi. Wannan hanyar sai da digiri na biyu da horo a asibiti. Kwalejin jiragen sama, wadda aka kafa a 1964, tana horar da masu kula da na'urorin sadarwa da na saukar jirgi.

Neman ruwa sana'a ce da ba ta yankewa a ƙasa irin tamu mai dutse a ƙarƙashi, irin wanda ya leƙo a Kufena. Ana kafa turakun ƙarfe huɗu a layi, na waje biyu su tura wuta cikin ƙasa, na ciki biyu su auna, ana ƙara buɗa na wajen don a leƙa zurfi. Dutse mai rai turjiyarsa tana da yawa, ruɓaɓɓe ko tsagagge mai riƙe ruwa tasa kaɗan ce. Tarkon shi ne yumɓu ma turjiyarsa kaɗan ce, ga shi ba ya sakin ruwa. Wanda ya iya bambance su shi ne ake sake kira bayan an haƙa rijiyar burtsatse ta farko.

Sola ta fi kowacce saurin shiga. Masu haɗawa sun yi yawa, masu lissafi ne kaɗan. Batir mai 200Ah a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne ko makamancinsa, rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko. Fanka biyu masu wat 60, talabijin mai 80 da ƙwai biyar masu 10 sun haɗa wat 250. In an cire asarar inbata, awa huɗu da 'yan mintuna ke nan, ba kwana ba kamar yadda ake yi wa mai gida alkawari. Wat 1,000 a bolt 12 amfiya 83 ne, a bolt 48 kuwa 21, zafin da waya ɗaya za ta yi ya ragu sau 16. Siririyar waya a tsarin bolt 12 ita ce take narkewa. Farantin sola a nan kudu yake fuskanta da ɗan karkata kamar digiri 10 zuwa 15, kuma da hunturu sai ana wanke ƙura.

Koyarwa kuma, in ita ka zaɓa, yi ta da takardunta: difloma ta ilimi bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Albashin ba ya isa a yawancin makarantu, babu amfanin ɓoyewa, shi ya sa ya fi kyau abin da za ka haɗa da ita ya zama ɗan'uwanta, kamar sola ko darasin yamma, don kowanne ya riƙa ciyar da ɗayan. Malamin da ya fi saurin gajiya da aikin shi ne mai karanta takardun da ya rubuta shekara goma da suka wuce. Wanda yake shigo da sabon gwaji ɗaya kowane zango, yana kuma gwada ajinsa da tambayoyi iri ɗaya a farko da ƙarshen zango don ya ga abin da ya canza, yana da abin da zai sa ido a kai ban da ƙarshen wata.

Gamsuwa da aiki ba a gane ta daga sunan aikin, sai daga abin da ake yi a ranar Talata da azahar. Mai neman ruwa yana cikin rana da guduma, na asibiti yana maimaita awo ɗaya kowace safiya ba gajiya, mai bincike yana gaban kwamfuta. Hanya mafi arha ta sanin wanda ya dace da kai ita ce SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu. Kada ka kai takardarka ofishin da za a sa maka hannu kana gida. Fara nema tun zango ɗaya kafin lokaci, ka zaɓi inda za a bar ka ka taɓa na'ura, ka tambayi waɗanda ka tarar abin da ya fi gundurarsu a aikin, ka ga ko kai za ka iya jure shi. Aikin kammala digiri ma ka ɗauko shi daga nan, wanda akwai awo na gaske a ciki, ka kuma koyi Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, gwargwadon da za ka iya karanta jadawalin awonka ka fitar da giraf da gangararsa. In ka je neman aiki ko gurbin digiri na biyu, tafi da rahoton a hannu, da hotunan wurin da ka yi awon da lambar malamin da ya duba shi.